Tafo Da Nisa

Azumin bana ya zo mana cikin zafin da ke gaban damina, irin wanda Kumasi ke yi in hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Tun hantsi riga take manne wa mutum a baya. A cikin wannan zafin ne hedimasta ya ga dama ya tara mu, wai a tsayar da lokacin buɗe laburare.

Laburaren sabo ne. Tsofaffin ɗalibanmu da ke ƙasashen waje suka haɗa hannu suka aiko da littattafai, aka gyara tsohon sito, aka kafa kantoci da fanka, warin fenti ma bai gama fita ba. Abin da ba su aiko da shi ba shi ne mai zama a ciki. Sai makulli ya faɗo hannuna, ni Madam Hawa, tunda ni ke koyar da Turanci kuma na fi kowa daɗewa a wurin. A nan Zango in ka ce makaranta, ta allo za a ɗauka. Tamu ta boko sukuu muke ce mata, kuma a wannan sukuu ɗin ni ma na yi karatu.

Mu huɗu ne a zaman: hedimasta, da Alhaji Sule shugaban iyayen yara, da Ticha Fuseini, wani saurayi mai koyar da lissafi, sai ni. Alhaji ne ya fara, ko zama bai gama yi ba.

"Asabar da Lahadi kada ma a kawo maganarsu. Ranakun makaranta ne, malamai ba za su yafe mana ba."

Hedimasta ya ce lokacin darasi kowa yana aji, hutun tsakiyar rana kuwa bai isa yaro ya zaɓi littafi ba, balle ya karanta. Ya rage ko da safe kafin a buga ƙararrawa, ko bayan an tashi.

Fuseini ya gyara zama ya ce, "Madam, da za a bi tawa, da safe ya fi, ko da na watan nan ne kawai. In azumi ya zo Zango juyewa take yi. Da safe ba koko, ba ƙosai, ba talla, yara suna zaune. Amma ana tashi daga sukuu kowace yarinya gida take gudu, wake yana jiranta."

"To kai ka buɗe mana," in ji hedimasta.

Alhaji ya girgiza kai. "Saurayi da 'yan mata a ɗaki tun da duku-duku? Ba uban da zai yarda. Sai dai Madam."

Duk suka juyo suna kallona. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, kowa ya sani, ga ƙishirwa ta ƙara mini. Na dubi yaron nan na ce, "Kai da kake kwana a bayan masallacin can, ka faɗo daga gado ka iso, dole ka tsara magana. Ni fa, da nake zaune can unguwar Tafo? Tafo da nisa, ɗana. In fito tun duhu in tsaya jiran motar tirotiro, baki da azumi, da shekaruna? A buɗe in an tashi, a rufe da kiran la'asar. Mai son karatu zai zo."

Fuseini ya sunkuyar da kai, hedimasta ya sa aka rubuta a kwali aka manna a ƙofa.

Da na fito sai na biya ta gidanmu na gado, kamar yadda nake yi kullum cikin azumi, in karɓi kokon shan ruwa. Yayata Adiza ce ke riƙe da gidan yanzu, kuma kokonta da ƙosanta sun yi suna har Moshi Zango. Na same ta a kan kujera 'yar tsugunno tana tace gasara, jikarta Memuna kuma tana gaban kasko. Memuna 'yar ajin ƙarshe ce a wurinmu, bana za ta zauna jarrabawar shiga babbar sakandare. Uwarta tana aikatau a ƙasar Larabawa, don haka daga ita sai kakarta. Yarinyar nan ko takardar da aka ƙunshe gyaɗa ta samu sai ta karanta kafin ta yar.

"Kaka Madam, an gama? Yaushe za a riƙa buɗewa?"

"In an tashi, zuwa la'asar."

Ta dubi bokitin ƙullun wake, ta dubi kakarta, ta ce, "To." Ta ci gaba da juya ƙosai. Yaya Adiza ba ta ɗago ba, sai dai hannunta ya tsaya a kan rariya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da tacewa.

Ina cikin tirotiro, an matse ni tsakanin wata mai buhun gawayi da taga, muna tsaye cak a cunkoson Krofrom, sai maganar da na yi ta dawo mini da muryar wani. Tafo da nisa. Ai ba ni na ƙago ta ba. Na taɓa jin ta, a bakin ƙofar wannan siton, fiye da shekara arba'in da suka wuce.

Shekarar yunwa ce. Duk wanda ya kai shekaruna a ƙasar nan ba sai an gaya masa wace shekara ba. Rani ya yi tsawo har ya wuce ka'ida, sannan daji ya kama da wuta. Gonakin koko da na ayaba da na rogo suka ƙone ƙurmus. Mu da muke tsakiyar gari ba mu ga wutar ba, amma mun sha hayaƙinta, kuma in ka shanya farin kaya a tsakar gida sai ka kwashe shi da baƙin toka. Da lokacin ruwa ya yi aka yi yayyafi sau ɗaya ko biyu, mutane suka yi shuka, ruwa ya ɗauke. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, har da mu yara, ƙasa tana ƙona mana tafin ƙafa.

Babanmu fita ne, wato makanike, a Magajin, can Suame, inda ake gyaran motoci. A shekarar ba taya, ba batir, ba kayan gyara, motoci suna jere a kan duwatsu. Kullum zai saɓa jakar sifanunsa ya tafi, ya dawo hannunsa fes, ko baƙin mai babu. Mma, mahaifiyarmu, tana sayar da koko, amma gero ya ɓace daga kasuwa, masara kuwa sai wanda ya san wani. Ta kife tukunyar a bayan ɗaki. Ana cikin haka aka koro mutanenmu daga Najeriya, kawu, ƙanen Baba, ya dawo daga Legas da matarsa da yara uku da rediyo ƙato, ba ko ƙwayar shinkafa. Ƙashin wuyan kowa ya fito, har mutanen gari suka sa masa suna sarƙa, ana tsokanar juna da wa ya fi wani babbar sarƙa. Haka muke, ko muna mutuwa sai mun yi dariya.

A haka azumi ya same mu, a watan da ya kamata a ce ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Sahur garin rogo ne da ruwa, in an dace a fasa ƙwarar kwakwar manja a tauna da shi. Bayan asuba mu ɗauki bokiti mu bi famfo, wanda yakan yi tari ya yi tari kafin ya ɗiga. Daga nan sukuu. Ina da shekara goma sha biyu, Yaya Adiza ta girme ni da biyu, tana aji ɗaya a gabana. Ba a tilasta mini azumi ba, amma da mai azumi da marar azumi duk abu ɗaya muke ci, don haka na ce gara in samu lada.

Abin shan ruwan gidan gaba ɗaya ya rataya ne a kan wata Ba'asantiya, Maame Yaa, da ke yin dokunu a bakin unguwa. Ƙullun masara ne ake naɗewa a ɓawonta a dafa. Ita kaɗai ta san inda take samo masara. Ba a jira ta dafa, ɗanye ake saye a kai gida, don in ka ce sai ya nuna ba za ka samu ba. Tana fara sayarwa wajen la'asar, amma layi tun azahar yake kamawa. Da farko duwatsu ake jerawa, kowa ya san dutsensa, ya je ya dawo. Da yunwa ta yi yunwa sai aka fara shure dutsen wani, aka yi dambe har da fasa kai. Daga ranar Maame Yaa ta ce ba ta san dutse ba, mutum ta sani. Dole kowane gida ya ba da mai tsayuwa a rana.

Mma ta raba mana: yau Adiza, gobe Hawa.

A daidai wannan watan ne Masta Owusu ya buɗe kabad. Malamai da yawa sun gudu neman abinci, shi ya tsaya. Dogo ne, wandonsa ya yi masa yawa har ya ƙara huda a bel ɗinsa da ƙusa. A sito ya tarar da wani tsohon kabad cike da littattafai, ya kakkaɓe, ya sa benci biyu, ya ce laburare ke nan. Ba a fita da littafi, domin a lokacin takarda ma tsada take, duk littafin da ya shiga unguwa a wajen mai gyaɗa zai ƙare. Lokacin buɗewa kuwa, daga an tashi zuwa la'asar. A Tafo yake zaune, a ƙasa yake zuwa, a ƙasa yake komawa, ba mota. Yakan jira rana ta yi sanyi kafin ya kama hanya, shi ne ya ce maimakon zaman banza bari ya buɗe wa yara kabad.

Yaya Adiza ce ta fara shiga, ba ni ba. Wannan ina so a sani. Ita ce mai ƙwaƙwalwar gidanmu. Ni sai na yi ta haddacewa, ita sau ɗaya take ji. Ta dawo ranar farko idonta yana ƙyalli, ta ce ta samu wani littafi mai koren bango, labarin wata 'yar masunci da ƙanenta ya ɓace da kwalekwale, ta bi kogi tana nemansa gari gari. Muka yi dabara. Ranar da nake layi ita ta karanta, ta sa tsinken tsintsiya inda ta tsaya. Washegari tana layi ni in ɗora daga tsinken. In an sha ruwa, kafin a kira isha'i, mu zauna a bakin rijiyar gidanmu da ta ƙafe, kowa ta ba 'yar'uwarta nata rabon. Ita in tana bayarwa har muryoyi take canzawa, yaran kawu su kewaye ta su manta cikinsu bai cika ba.

Ban san ko kwana nawa muka yi a haka ba. Abin da na sani, wata rana ina layi, rana ta tsaya a tsakiyar kaina, kwanon rufin shagon da ke gabana ya fara rawa, sai na farka a ƙarƙashin tebur ɗin wata mai gishiri ana yi mini fifita. Kafin in dawo hayyacina layi ya haɗe, dokunu ya ƙare. Na koma gida da kwano wayam. Ranar, da ɗanyar gwanda aka sha ruwa, Mma ta dafa ta da gishiri da barkono. Ba wanda ya yi mini faɗa. Na so a yi, da ya fi mini sauƙi a kan yadda Baba ya tura wa yaran kawu nasa kason ya ce shi ya ƙoshi.

A bakin rijiya Yaya Adiza ta ce, "Daga gobe ni zan riƙa tsayawa. Ke ki je ki karanta, ki zo ki ba ni. Kada ki tsallake ko'ina, zan gane."

"In na warware fa?"

"In kin warware sai mu koma yadda muke."

Kwana biyu na warware sarai. Amma siton nan akwai sanyi, simintinsa yana da daɗin taka, ƙamshin tsohuwar takarda yana sa ka manta ƙamshin abinci. Na ce gobe zan ce mata na warke. Goben ta yi na ce jibi. Ita ba ta tambaya ba, Mma ma ba ta tambaya ba, tunda Adiza ba ta taɓa dawowa hannu rabbana ba. Ba wanda ya taɓa kiran wannan laifi a gidanmu, har yau.

Sau ɗaya ta gwada haɗa biyun. Ranar ta samu gaban layi, aka sallame ta da wuri, ta taho a guje da kwanon dokunu a ka, ko gida ba ta biya ba. Ta iso ana kiran la'asar, Masta Owusu yana zura kwaɗo a ƙofa, ni ina gefensa. Zufa ta jiƙe mata riga, leɓenta ya bushe ya yi fari. Ta tsaya tana haki, ta dubi kwaɗon.

"Masta, don Allah ba za a riƙa buɗewa da safe ba? Ko kaɗan, kafin ƙararrawa. Da safe ba layi."

Ya dube ta. Ba mugun mutum ba ne. Da 'yar Hausarsa ta Asante ya ce, "Tafo da nisa, 'yata. Ni ma ban ci komai ba." Ya danna kwaɗon, ya sa makulli a aljihu, ya kama hanya.

Yaya Adiza ta gyara kwanon a kanta ta ce mini, "Mu je, kada ya yi tsami."

Daga nan ba ta sake zuwa ƙofar ba. Maame Yaa ta lura da ita, yarinya mai zafin nama, ta ce ta riƙa zuwa da wuri tana taya ta naɗi, a ba ta ƙarin dunƙule biyu. Dunƙule biyu a shekarar nan ba abin wasa ba ne. Da wuri ya zama tun kafin a tashi daga sukuu, sannan ya zama tun safe. Ni kuwa ina ta kawo labari bakin rijiya, sai dai yanzu ina farawa take jingina da bango, kafin 'yar masunci ta kai gari na gaba ta yi barci, hannunta yana warin tsamin ƙullu. Tun ina tashinta har na daina. Na ƙarasa littafin ni kaɗai, na ɗauki wani.

Ruwan kirki bai dawo ba sai da shekara ta zagayo. Ina tuna daren farko, yadda ya doki kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, da yadda kowa ya fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har da butar alwala. Masara ta yi, Mma ta tayar da tukunyarta, motocin Magajin suka sauka daga kan duwatsu. Komai ya koma wurinsa ban da Adiza. Ajinta ya wuce ta, ta ce ba za ta zauna da ƙannenta ba, ta kama tukunya tare da Mma. Ni na ci jarrabawa, na yi sakandare, na yi kwalejin malamai, kuma kuɗin kokonta yana cikin abin da ya kai ni.

Shekara da shekaru ina ba da labarin Masta Owusu. A ɗakin malamai, a taron iyaye, duk inda aka taɓo maganar karatun 'ya'ya mata, sai in kawo shi misali: malamin da ya duba nisan gidansa bai duba yarinyar da ke gabansa ba. Har kwaikwayon muryarsa nake yi. Allah ya jiƙan mutumin nan ko ya ba shi lafiya, duk inda yake. Shi a ƙasa yake tafiya, cikinsa ba komai. Ni ina da kuɗin mota, firjina cike, kuma da bakina na maimaita maganarsa ba ragi.

A daren ban iya cin abin kirki ba. Maigidana ya tambaya, na ce zafi ne. Amma kunya ba ta sa na gyara ba, kada in yi ƙarya. Na ce wa kaina an riga an manna kwali, kuma ba zan je in lashe maganata a gaban yaron da na haifi kamarsa ba.

Washegari aka tashi, na buɗe. Yara maza suka cika benci, da 'yan matan da gidajensu ba a sana'a. Can sai ga Memuna ta shigo, ta zauna a lungu da littafin kimiyya. Raina ya yi sanyi, na ce ashe dai abin bai kai yadda na ɗauka ba. Sai dai na lura minti kaɗan ta ɗaga kai ta dubi taga. Da aka kira la'asar kuwa ko sallama ba ta yi mini ba, ta fita a guje.

Na bi bayanta. Tun daga bakin lungu na hango hayaƙi. Yaya Adiza ce ita kaɗai, tukunyar koko a wuta ɗaya, kaskon mai a ɗaya, masu saye sun fara taruwa da kofunansu. Ita da likita ya ce ta nisanci wuta saboda hawan jini, shi ya sa ma suya ta koma hannun Memuna. Da kanta ta ɗauki wake ta kai niƙa-niƙa ta dawo, da wannan gwiwar tata. Idonta ya kaɗa ya yi ja, ga matsami a hannunta. Memuna ta karɓe, ita kuma ta dafa bango ta zauna a ƙasa, ba ta ko kai ga kujera ba.

Na ce, "Yaya, kashe kanki za ki yi? Da azumi, a wannan ranar?"

"Ni na ce ta tafi. Jarrabawa ta matso."

"Ai da kin faɗa mini."

"In faɗa miki me? Kun riga kun sa lokaci." Ta goge fuska da gefen mayafi. Ba da fushi ta yi maganar ba, da ma da fushin ne. "Bar ta ta je, Hawa. Wata ɗaya ne. Ni na saba tsayawa."

Na rasa inda zan sa idona. Mace ɗaya, ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya, sau biyu tana biya, kuma wannan karon ni ce mai makullin. Na karɓi kokona na tafi, ban iya ko yi mata sai da safe ba.

Da gari ya waye ban tsaya ofis ɗin hedimasta ba, ajin Fuseini na fara zuwa. Na kira shi waje. Ya fito yana gyara wuyan riga, yana zaton wani faɗan ne.

"Maganarka ce daidai. Ni ce ban kyauta ba."

"Haba Madam, ai ba komai."

"Da komai. Je ka cire kwalin nan ka rubuta wani, rubutunka ya fi nawa kyau."

Hedimasta ya ce shi ba ruwansa, in dai zan iya. Alhaji Sule da aka buga masa waya ya ce, "Madam da kanta? To Tafo ta matso ke nan." Na haɗiye, don na ci a faɗa mini. Aka tsayar: cikin azumi, daga gari ya waye zuwa ƙararrawa. Bayan salla kuma, in koko ya koma safe, sai an sake zama, domin lokacin wasu yaran ne za su rasa. Wannan har yanzu ban san yadda za mu yi da shi ba.

Ranar farko ina idar da sallar asuba na fito. Ashe a wannan lokacin hanya fayau take, tirotiro ma har zaɓar wurin zama na yi. Iska tana da ɗan sanyi, Zango shiru, ba hayaƙi ko ɗaya, sai tsintsiya da ake ji daga cikin gidaje. Na iso na tarar da 'yan mata a bakin ƙofa sun fi goma, wasu ban taɓa zaton suna son littafi ba. Memuna ce a gaba.

"Kaka Madam, kin makara."

"Rufe mini baki, 'yar nema."

Na buɗe, suka shiga, na kunna fanka. Ina jera kujeru sai na ji an yi sallama. Yaya Adiza ce a bakin ƙofa, da mayafinta na zuwa biki. Ita ma ai da safe ba ta da aiki. Ta cire silifas ta ajiye a waje kamar mai shiga masallaci.

"Ana barin tsofaffi?"

"Shigo, Yaya."

Ta shigo a hankali tana duba kantoci, ta shafa bango. "Nan kabad ɗin yake," in ji ta. Ta bi layin littattafai da yatsa har ƙarshe, ta dawo, sannan ta matso kusa da ni ta rage murya don kada yara su ji.

"Mai koren bangon nan, yana nan?"

Na ce babu, tsofaffin duk gara ta cinye tun tuni.

"To ita yarinyar, ta ga ƙanen nata kuwa? Inda na sani, ta kai garin masu gishiri an ce mata an ga kwalekwalen. Ba ki ƙarasa mini ba."

Na buɗe baki. Na tuna koren bangon, na tuna tsinken tsintsiya, na tuna sanyin simintin. Na karanta littattafai sun fi a ƙirga tun daga lokacin, na koyar da wasu har na haddace. Amma ƙarshen wannan ya ɓace mini ɗungum. Na so in ce ta gan shi, wa zai ƙaryata ni? Sai na tuna ta ce in na tsallake za ta gane.

"Yaya, na manta."

Ta ce, "Ai an daɗe."

Ta jawo wani littafi daga kanta, ta zauna a ƙarshen benci kusa da jikarta. Ta buɗe, ta matsar da shi nesa, ta dawo da shi kusa, ta ce rubutun yanzu ƙanana ake yi. Na zare tabarauna na miƙa mata. Ta sa, ta ɗora yatsa a layin farko, leɓenta ya fara motsi.

Da lokacin ƙararrawa ya yi, yara suka tashi suka fita, ita ba ta ji ba. Makullin yana hannuna, ajina yana jirana. Na jawo kujera na zauna a bakin ƙofa.